Wa Zai Biya Kuɗin Magani? Jam'iyyu, 'Yan Takara da Kiwon Lafiya a Amurka da Jihar Kebbi

A unguwar Gesse, cikin Birnin Kebbi, akwai asibitin da aka keɓe domin mata masu fama da yoyon fitsari. Galibin matan da a ke kwantarwa a can hanya ɗaya ce ta kawo su. Naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya tokare a ƙashin ƙugu ya danne mafitsara, har jini ya daina kai wa naman wurin, naman ya mutu ya bar kafa. Likitoci sun daɗe da sanin rigakafin wannan, watau a yi wa mace aiki a ciro jaririn tun abin bai kai ga haka ba. Abin da ke hana aikin samuwa a kan kari shi ne nisan ƙauye, da rashin mota, da rashin ma'aikaci a ɗakin shan magani cikin dare, da kuma zaman da mai gida da 'yan'uwansa kan yi suna lissafin abin da za a sayar kafin a doshi asibiti. Duk waɗannan maganar kuɗi ce, kuma inda aka ce kuɗin jama'a, to, an shiga siyasa.

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya duka cikin 2018 ya nuna cewa daga cikin kowaɗanne yara 1,000 da aka haifa a Jihar Kebbi, 252 ba su kai shekara biyar a duniya ba. Babu jihar da ta kai wannan adadi, na ƙasa baki ɗaya kuwa 132 ne. Binciken ya kuma sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 52 cikin ɗari na ƙananan yaran jihar, alhali a Ikko kashi 2 ne kacal, sa'an nan matan da suka haihu a asibiti ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. Ga wanda ya san ƙasar, maganar sauro ba abin mamaki ba ce, domin fadamar Rima da ke ba Argungu da Birnin Kebbi shinkafa da kifi ita ce kuma ke kiwon sauro. Abin tambaya shi ne, me ya sa da wuya a ji al'amari mai nauyi haka ya kayar da ɗan takara ko ya ɗora shi bisa mulki a Nijeriya, alhali a Amurka, inda aka aro tsarin mulkin, maganar magani ta sha rushe wa manyan 'yan siyasa lissafi? Wannan tambaya ce laccar za ta bi.

Tsarin da aka aro

Cikin Oktoba 1975 Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin rubuta sabon tsarin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Abin da ya fito daga wannan aiki, wanda ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1979, shi ne barin tsarin Ingila na Firayim Minista, da ɗaukar irin na Amurka: shugaban ƙasa mai cikakken iko wanda jama'a ke zaɓa kai tsaye, da Majalisar Dattijai da ta Wakilai, da gwamnoni masu iko a jihohinsu. An ari ginin, amma ba a ari yadda jam'iyyun can ke fid da ɗan takara ba, kuma za a ga cewa bambancin yana da nasaba da wannan.

Yawancin ƙasashen Turai sun daɗe da yanke shawara kan wanda zai biya kuɗin magani. Jamus ta fara tun 1883 da asusun da doka ta tilasta wa ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki su riƙa zuba kuɗi a ciki, Ingila kuwa tun 1948 daga haraji ta ke biya. Amurka ta bi wata hanya dabam, kusan bisa tsautsayi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi barkatai, sai kamfanoni suka shiga jawo ma'aikata da alkawarin biya musu inshorar magani. Da haka lafiyar mutum ta rataya a wuyan aikinsa: mai aiki a babban kamfani yana da magani, tsoho da matalauci da mai ƙaramar sana'a kuwa sai abin da hali ya yi.

Cikin Nuwamba 1945 Shugaba Harry Truman, na jam'iyyar Dimokurat, ya nemi majalisa ta kafa inshora ɗaya ga 'yan ƙasa duka. Ƙungiyar likitocin Amurka ta zuba kuɗi mai yawa wajen yaƙar shirin, ta kira shi gurguzu, ya mutu. Sai bayan shekara ashirin, ran 30 ga Yuli 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan wani yanki na abin da Truman ya nema, watau Medicare domin masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid domin matalauta, wanda Gwamnatin Tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa. A garinsu Truman aka yi bikin, shi aka kuma ba kati na farko.

Tun daga nan babu mai sha'awar kujerar shugaban Amurka da ya isa ya kauce wa wannan magana. Sanata Edward Kennedy ya fito cikin Nuwamba 1979 ya ƙalubalanci Shugaba Jimmy Carter, ɗan jam'iyyarsa, kuma saɓaninsu a kan inshorar ƙasa yana cikin manyan dalilai: Kennedy yana son a yi ta gaba ɗaya, Carter yana cewa a bi a hankali saboda tsadar rayuwa. Kennedy bai sami takara ba, Carter kuma ya fita da rauni ya sha kaye a hannun Ronald Reagan cikin 1980. Bill Clinton ya damƙa wa matarsa Hillary aikin tsara gyara cikin 1993, shirin ya mutu a majalisa cikin 1994 ba tare da an ko jefa masa ƙuri'a ba, a watan Nuwamba kuma jam'iyyar Rifablikan ta ƙwace Majalisar Wakilai bayan shekara arba'in ba ta riƙe ta ba.

Labarin Mitt Romney ya fi kowanne nuna yadda jam'iyya ke ɗaure ɗan takara. Sa'ad da ya ke gwamnan jihar Masacusets, cikin 2006, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa kowane mazaunin jihar mallakar inshora, gwamnati kuma ta tallafa wa mai ƙaramin ƙarfi. Hikimar wajabtawar a fili ta ke. Inshora tamkar adashi ce, sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. In aka bar kowa ya shiga ran da ya ga dama, masu lafiya za su noƙe, marasa lafiya kaɗai za su zuba, asusun kuwa ya karye. Shugaba Barack Obama ya ɗauki kusan wannan tsari ya mai da shi na ƙasa cikin Maris 2010. Dokar ta wuce a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 219 a kan 212, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya da ya goyi bayanta. Da Romney ya fito neman takarar Rifablikan domin zaɓen 2012, sai aikin da ya fi shahara da shi ya zame masa kaya, ya zagaya ƙasa yana alkawarin soke dokar Obama, yana bayanin cewa abin da ya dace da jiha ɗaya bai zama dole ya dace da ƙasa duka ba. Dalili kuwa shi ne, a can miliyoyin magoya bayan jam'iyya ne ke jefa ƙuri'ar fid da gwani, jiha bayan jiha, wata da watanni, kuma sun riga sun tsai da ra'ayinsu.

Rigimar ba ta ƙare ba. Cikin 2012 Kotun Ƙoli ta bar dokar, amma ta ba kowace jiha zaɓin faɗaɗa Medicaid ko ƙin faɗaɗawa, kuma zuwa ƙarshen 2023 jihohi goma, ciki har da Teksas da Fulorida, ba su faɗaɗa ba. Cikin Yuli 2017 yunƙurin soke dokar ya faɗi a Majalisar Dattijai da ƙuri'a 49 a kan 51, bayan Sanata John McCain da wasu mata biyu 'yan Rifablikan sun juya wa jam'iyyarsu baya. Cikin 2025 ma, taƙaddama a kan tallafin kuɗin inshora ce ta sa aka rufe ma'aikatun Gwamnatin Tarayya har kwana 43.

Kada a ɗauka wannan hayaniya ta haifar da tsari abin koyi. Babu ƙasar da ta kai Amurka kashe kuɗi a kan magani, amma cikin 2023 kimanin kashi 8 cikin ɗari na jama'arta ba su da inshora ko kaɗan, ko da ya ke cikin 2010 adadin ya ninka haka. Amfanin da ke cikin hayaniyar guda ne: mai jefa ƙuri'a ya san inda kowace jam'iyya ta tsaya, ɗan siyasa kuma ya san akwai ranar biyan bashi.

Zaɓen 1979

Sau ɗaya aka taɓa ɗora wannan tambaya a gaban masu zaɓen Nijeriya sosai da sosai. Jam'iyyu biyar aka yi wa rajista domin zaɓen 1979. Ta Cif Obafemi Awolowo, watau UPN, ta fito da manufofi huɗu waɗanda ko yaron makaranta ya haddace: ilmi kyauta, magani kyauta, raya karkara, da aiki ga kowa. Awolowo yana da abin nunawa, domin tun yana Firimiyan Jihar Yamma cikin shekarun 1950 ya ba yara magani kyauta. NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta sa noma da gidaje a gaba, tana ganin alkawarin kyauta ga kowa ya fi ƙarfin baitulmali, kuma inganci zai faɗi. PRP ta Malam Aminu Kano ta fi ƙarfafa 'yantar da talaka daga zalunci, shi ya sa gwamnoninta na Kano da Kaduna suka fara da soke haraji da jangali.

Ran 11 ga Agusta aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Shagari ya sami ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Awolowo miliyan 4.9. A tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda ƙasashen Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru ke cikinta har zuwa 1991, Shagari ya kwashe wajen kashi biyu cikin uku, Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya sami wajen rubu'i, mai alkawarin magani kyauta kuwa ko kashi 5 cikin ɗari bai samu ba. Gwamnan da aka zaɓa, Alhaji Shehu Kangiwa, ɗan NPN ne.

Ba za a ce mutanen Rima sun auna shirin Awolowo sun ga bai yi ba. Shagari ɗan gida ne, ƙuri'ar 1979 kuma ta fi bin yanki da tsohuwar amana. Amma akwai wani dalili da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. Magani kyauta yana da ma'ana ne ga wanda ke da asibiti kusa da shi. A Ibadan ko Abekuta abin da ke tsakanin majinyaci da likita shi ne kuɗi. A ƙauyukan Arewa da Dandi kuwa likitan ne babu, sai ɗakin shan magani irin wanda En'e ta bari, da malamin asibiti guda. Alkawari ɗaya ne, amma nauyinsa ya bambanta gwargwadon inda aka saurare shi.

Waɗannan ɗakunan shan magani na En'e suna da wani darasi. Daga baitulmalin En'e a ke tafiyar da su, baitulmalin kuwa harajin talakawa ne. Komai ƙuncin wancan tsari, mai biyan haraji ya san daga aljihunsa ƙinin da aidin suka fito. Da kuɗin man fetur ya zo cikin shekarun 1970, sai wannan igiya ta tsinke. Kuɗi ya koma fitowa daga Ikko, daga baya Abuja, asibiti ya zama kamar kyautar da mai mulki ya yi, wanda aka yi wa kyauta kuwa ba ya tuhuma. Ba'amurke yana jin zafin maganar magani ne saboda yana ganinta a takardar albashinsa da ta harajinsa kowane wata.

Ko a jihohi biyar na UPN, watau Ikko, Ogun, Oyo, Ondo da Bendel, gwajin bai yi nisa ba. Kuɗin mai ya faɗi daga 1981, aka shiga tsuke bakin aljihu cikin 1982, kantocin magani na asibitoci suka bushe a ko'ina. Ran 31 ga Disamba 1983, a jawabin kifar da gwamnati, Birgediya Sani Abacha ya lissafa lalacewar asibitoci cikin dalilan soja, ya ce sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki.

Gyaran da ba a yi muhawara a kansa ba

Abin ban mamaki shi ne manyan gyare-gyaren da suka biyo baya ba daga dandalin siyasa suka fito ba. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992 a zamanin Janar Babangida, shi ya karkatar da hankalin ƙasa daga manyan asibitoci zuwa kiwon lafiya matakin farko, bisa matsayar da ƙasashen duniya suka cim ma a Alma-Ata cikin 1978. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 na gwaji cikin 1986, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa cikin 1988, aka kuma kafa hukumar kula da wannan mataki cikin 1992. A wannan zamani ne har ila yau aka karɓi shirin Bamako na 1987, inda majinyaci ke sayen magani a asibiti domin kuɗin ya riƙa juyawa. Ta wannan ƙofa biyan kuɗi ya zauna daram a asibitin gwamnati, ba tare da an tambayi mai zaɓe ko ɗaya ba.

Inshora ma haka. Tun 1962 Ministan Lafiya Dokta Moses Majekodunmi ya kai wa majalisa shirin dokarta domin birnin Ikko, ba ta wuce ba. Sai cikin 1999, ana gab da miƙa mulki, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa ta da dokar soja mai lamba 35, Shugaba Obasanjo kuma ya ƙaddamar da ita cikin Yuni 2005. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya sun san tsarin: gwamnati ta zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, ko da ya ke ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙi yarda a yanki nasu kason. Katin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wanda ya san gidajen Birnin Kebbi ya san da wani irin gida aka yi wannan awo. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, da tsohuwa a ɗaka, sai ya zaɓi waɗanda zai rubuta, ko ya biya ƙari. Binciken 2018 ya sami kashi 3 cikin ɗari kacal na manya da ke da inshora kowace iri. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da a ke kashewa a kan magani a Nijeriya daga aljihun majinyaci ya ke fita, a ranar da ciwo ya kama shi.

Cikin Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ɗauki alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Mai masaukin baƙi ba ta taɓa cika shi ba, yawancin shekaru tsakanin kashi 4 da 6 ta ke tsayawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shafe wajen shekara goma tana kai da kawowa, majalisa ta zartar da ita cikin 2011 ba a sa hannu ba, sai a ƙarshen Oktoba 2014 Shugaba Jonathan ya sa, saura 'yan watanni zaɓe. Muhimmin abin da ke cikinta shi ne asusun kiwon lafiya na tushe, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar Tarayya. Rabinsa na sayen inshora ne ga marasa ƙarfi, kashi 45 na magunguna da gyaran ɗakunan shan magani da horar da ma'aikata, kashi 5 na taimakon gaggawa. Ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018, naira miliyan dubu 55. In aka raba wannan ga jama'ar ƙasa a lokacin, rabon kowa bai kai naira 300 a shekara ba.

Ran 19 ga Mayu 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta wajabta inshora a kan kowane mazaunin Nijeriya. A nan ne kwatancin ya fi armashi. Wajabtawar da ta kai Amurka gaban Kotun Ƙoli, ta ci kujerun 'yan majalisa, ta sa ɗan takara ya nisanci aikin hannunsa, ita ce ta wuce a Abuja ana tsakiyar zaɓen fid da gwani, ba jam'iyyar da ta ɗaga murya. Wannan shiru ba alamar haɗin kai ba ne. Doka ba ta tayar da ƙura in babu mai tsammanin za ta taɓa aljihunsa. Cikin 2024 hukumar inshora ta ba da adadin masu kati kimanin miliyan 19, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200.

Wahalar kuwa ta gaske ce. Yankan kuɗi daga albashi abu ne mai sauƙi, kuma Jihar Kebbi, kamar sauran jihohi, ta kafa tata hukumar adashin lafiya, KECHEMA. Amma mai noman shinkafa a fadamar Argungu, da Basarken da ke kamun kifi, da mai kiwo, ba su da takardar albashi. Kuɗinsu da kaka ya ke zuwa, zazzaɓi kuwa da damina ya fi kamawa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ko dai a sami hanyar karɓar zubinsu a lokacin da su ke da shi, ko a biya musu daga haraji, harajin kuma wani ne zai ji shi a jikinsa. Wannan ce ainihin muhawarar da ta kamata ta raba jam'iyyu.

Hawa uku, da hannun baƙo

Tsarin mulkin 1999 ya ambaci wadatar da magani ga kowa a sashe na 17, amma cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. A aikace an raba nauyin hawa uku, kuma a Birnin Kebbi ana iya ganinsu da ido: babban asibitin Gwamnatin Tarayya, da na jiha irin Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, mai ɗauke da sunan Sarkin Gwandu da ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, sa'an nan ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka. Hawa na ƙasa, inda naƙuda da zazzaɓi da gudawa ke fara zuwa, shi aka ɗora wa ƙaramar hukuma, wadda ta fi kowa talauci, kuɗinta kuma ta asusun haɗin gwiwa da jiha ya ke biyowa. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, amma aiwatar da hukuncin bai zo da sauƙi ba. Inda nauyi ya rabu haka, kowa yana da wanda zai nuna da yatsa. Shi ya sa ma ɗan siyasa ya fi son gini, domin gini ana yanka masa ƙyalle a sa suna a allo, albashin unguwarzoma mai kwana a ƙauye kuwa ba ya fita a hoto.

Giɓin da wannan ya bari, baƙi ne suka cike wani sashe nasa, kuma ta nan siyasar Amurka ta shigo har cikin gida. Hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ta shekara da shekaru tana tallafa wa aikin gyaran yoyon fitsari a Gesse, da shirin kula da mata da yara a jihohin Kebbi da Sakkwato da Bauci. Shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da Shugaba George W. Bush ya kafa cikin 2005 ya kawo gidajen sauro da magunguna jihar. Saboda tsananin cutar ne ma aka zaɓi Kebbi da Bayelsa domin fara allurar rigakafinta cikin Disamba 2024. Ran 20 ga Janairu 2025, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin ƙasashen waje, zuwa tsakiyar shekara kuma aka rufe USAID. Majalisar Tarayya ta Nijeriya ta yi hanzarin ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin toshe kafar. Ƙuri'ar da aka jefa a Mishigan da Pensilbeniya cikin Nuwamba 2024 ta taɓa kantin maganin Augie da Kalgo, mutanen wurin kuwa ba su da bakin magana a wancan zaɓe.

Masu neman kujera

A zaɓen 2023 manyan 'yan takara huɗu, Bola Tinubu na APC, da Atiku Abubakar na PDP, da Peter Obi na LP, da Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP, kowanne ya rubuta alkawarin gyara asibitoci cikin takardar manufofinsa. Da wuya mai karatu ya ware na wane daga na wane in an rufe sunayen. Abin da ya cika bakin jama'a shi ne tsaro, da tallafin mai, da ƙarancin takardun kuɗi, da yanki da addinin 'yan takara. Waɗanda suka fid da su ma ba jama'a ba ne. Wakilai da ba su kai 800 ba ne suka zaɓi ɗan takarar PDP a Abuja cikin Mayu 2022, na APC kuma wajen 2,300 cikin Yuni. Wanda ke neman yardar mutum dubu biyu a ɗaki ɗaya ba ya bukatar matsayi a kan inshora.

Jam'iyyun kansu ba su zauna wuri ɗaya ba balle su ɗaure wani. A Kebbi cikin 2023 Atiku ne ya lashe ƙuri'ar shugaban ƙasa, PDP ta kwashe kujerun dattijai uku, har Sanata Adamu Aliero ya kayar da gwamna mai ci, Atiku Bagudu, amma kujerar gwamna ta tafi ga Dokta Nasir Idris na APC. Wannan ya nuna masu zaɓen jihar sun iya rarrabewa. Sai dai cikin Mayu 2025 sanatocin uku duka suka koma APC, cikin Yuli kuma Atiku da kansa ya bar PDP, 'yan adawa suka shiga haɗa kai a inuwar ADC domin 2027. Mai zaɓen da ya so ya saka wa jam'iyya ko ya hukunta ta a kan halin da asibitin garinsu ke ciki zai rasa wadda zai kama.

Ba a rasa inda aka gwada akasin haka ba. Dokta Olusegun Mimiko, gwamnan Ondo, ya kafa shirin Abiye cikin 2009 domin mata masu ciki, ya mai da shi tutar siyasarsa, aka sake zaɓensa cikin 2012. Jiha na iya zama gonar gwaji, kamar yadda Masacusets ta zama.

Abin da masu neman kujera a 2027 suka tarar, wanda na 1979 ba su da shi, shi ne alkawari mai lamba da rana. Cikin Disamba 2023 Gwamnatin Tarayya da gwamnonin jihohi 36 suka sa hannu a kan yarjejeniya, a ƙarƙashin Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, aka ce ƙananan asibitocin da ke cin gajiyar asusun tushe za su tashi daga wajen 8,800 zuwa fiye da 17,000 kafin ƙarshen 2027. Cikin Nuwamba 2024 kuma aka ba da sanarwar yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Irin wannan ana iya ƙirga shi. Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, ƙa'idar asusun kuwa ita ce a fara da asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Kuɗin yana shiga asusun bankin asibitin ne kai tsaye, duk bayan wata uku, kuma ba a fitar da shi sai da sa hannun mutum biyu: jami'in da ke riƙe da asibitin, da shugaban kwamitin raya mazaɓa, wanda mutumin garin ne.